Ɗaga kogon iska kafin dashen haƙori: tambayoyin da 'yan uwa ke yi mini a Jidda

Ina aiki a wani ɗakin gyaran haƙori a Jidda. Ni ke shirya kayan aiki, ni ke tsayawa kusa da likita, idan kuma aka sami Bahaushen da Larabcinsa bai nuna ba, ni ce tafinta. Da wuya mako ya fita wani bai zo neman dashen haƙori ba, wanda a nan ake kira zira'a, likita ya dubi hoto ya ce sai an yi "raf'ul jaib", wato ɗaga kogon iska, tukuna. Nan take sai ka ga jikin mutum ya yi sanyi, ya juyo gare ni: "'Yar nan, me kuma ya ce?" Tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni ba likita ba ce. Abin da likitanka ya faɗa bayan ya ga hotonka shi ke gaba da duk abin da na rubuta.

Wane kogo ne wannan, kuma me ya haɗa shi da haƙori?

Ɗora yatsa a kuncinka, gefen hanci, ƙasa da ido. Ƙashin da ka taɓa ba cikakke ba ne, akwai kogo a cikinsa mai ɗauke da iska, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A jikin baligi kowanne zai ci kamar cokalin cin abinci guda na ruwa, wajen mililita 15. Shi ne ke cushewa idan mura ta yi tsanani, har ka ji turamen sama suna yi maka zugi alhali lafiyarsu ƙalau.

Daɓen wannan kogo yana zaune ne daidai kan saiwoyin turamen sama. An shimfiɗe cikinsa da wata yana siririya, kamar wadda kake gani manne a cikin ɓawon dafaffen ƙwai, sau da yawa kaurinta bai kai milimita 1 ba. Dashen haƙori kuwa ɗan ƙarfe ne na titaniyom mai kama da sukuru da ake ɗaurawa cikin ƙashi ya zama saiwa. Idan ƙashin bai da zurfi, ƙarfen zai huda ya leƙa cikin kogo, kamar ka kafa doguwar ƙusa a siririn katako.

Aikin ɗagawa shi ne a tura yanar nan sama a hankali ba tare da ta yage ba, a cika gurbin da ta bari, galibi da garin ƙashi, ƙashi ya tsiro a wurin. Yadda nake kwatanta wa tsofaffi: an ɗaga dardumar ɗaki, an zuba ƙasa a ƙarƙashinta, daɓe ya ƙara tudu.

Maƙwabcina ya yi dashe ba a ɗaga masa komai ba. Me ya sa sai ni?

Wataƙila nasa a muƙamuƙin ƙasa ne, ko a gaba, inda babu kogo. Ko kuma bai daɗe da cire haƙorin ba.

Ƙashi yana rayuwa ne da aikin da saiwa ke ba shi. Da zarar an cire haƙori sai ya fara zaizayewa, musamman a watannin farko, shi kuma kogon ya riƙa saukowa daga sama yana cin wuri. Wanda ya bar wawulo shekara 10 ya zo, sau da yawa abin da ya rage tsakanin dasashi da kogo bai wuce kaurin kwali ba. Ga shi kuma ƙashin can baya a sama shi ne mafi taushi a duk baki. Ciwon dasashi da ya daɗe ma yana cin nasa rabon.

Me ake nufi da ƙaramin aiki, wanda ake talla cewa ba yanka sosai?

Hanya biyu ce ake isa ga kogon.

Tsohuwar hanya ita ce ta taga. Ana ɗaga dasashi daga gefen kunci, a buɗe 'yar taga a bangon ƙashi, likita ya ga yanar da idonsa, ya ɓamɓare ta a hankali, ya cika. Wani likitan Amurka, Hilt Tatum, shi ya fara ta a shekarun 1970, Boyne da James kuma suka wallafa bayaninta a 1980. Har gobe ana yin ta, kuma aikinta na kyau.

A 1994 Robert Summers ya bayyana hanya ta biyu: maimakon a buɗe taga, sai a bi ta ramin da dama za a haƙa wa dashen. Ana tsayawa saura kaɗan a kai daɓen kogo, a sa wani ƙarfe mai dakusasshen baki, a ɗan ƙwanƙwasa har daɓen ya ɗaga sama da yanar a kansa. Wannan ita ce ƙaramin aikin da ake talla, wadda Larabawa ke kira rufaffiyar ɗagawa, waccan kuma buɗaɗɗiya. Daga baya aka yi ta ƙirƙiro dabarun rage ƙwanƙwasar: akwai masu tura ruwan gishiri ta ramin don ruwan ya ɗaga yanar, akwai ɗan balan-balan da ake hurawa, akwai na'ura mai yanka ƙashi da karkarwa wadda ba ta cika cin nama mai taushi ba, akwai kuma bakin injin da ke juyawa baya-baya yana danne ƙashi yana tura shi sama maimakon ya kwashe shi.

Ribar rufaffiyar a fili take. Rauni ƙarami ne, kumburi kaɗan ne, kuma galibi a zama ɗaya ake ɗagawa a ɗaura dashen. Amma likita ba ya ganin yanar, da hannu yake jin ta, kuma abin da ake samu na ƙari bai cika wuce milimita 2 zuwa 4 ba.

To ni rufaffiyar nake so. Ba kuɗina ba ne?

Kuɗinka ne, Alhaji, amma ƙashinka ne ke zaɓa.

Akwai wani dattijo da ya zo mana daga Makka, daga wajen unguwar Shari'a Mansur, ɗansa ya kawo shi. Tun daga ƙofa yake riƙe da waya, ya nuna mini bidiyon talla: minti 10, ba ɗinki, an gama. Ya ce, "'Yata, gaya masa irin wannan nake so, kada ya kawo mini wani." Aka yi hoto. Likita ya ja layi a kan kwamfuta daga dasashi zuwa kogo, lamba ta fito: milimita 2 da 'yan kai. Na ɗauko abin awo na nuna wa Baba milimita 2 a kan farcensa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ne duk abin da ya rage?" Na ce shi ne. Ya mayar da wayar aljihu.

Ƙa'idar da yawancin likitoci ke bi ita ce, idan ƙashin da ya rage ya kai milimita 5 ko sama, rufaffiyar ta wadatar, domin akwai abin da zai riƙe dashen tun ranar farko. Idan ya gaza 4, an fi komawa ta taga, wani lokaci ma a cika a rufe, a jira watanni kafin a dasa. Tsakanin 4 da 5 kuwa ya danganta da hannun likita, da faɗin kogon, da ko akwai wani ɗan shingen ƙashi a cikinsa. Akwai ƙwararrun da ke yin rufaffiyar a ƙasa da haka da sababbin kayan aiki, amma wannan shawarar mai gani ce, ba ta mai talla ba. Ni dai duk wanda ya yi maka alkawarin hanya kafin ya auna, ina shakkarsa.

Na riga na yi hoton baki gaba ɗaya. Sai na sake wani?

Wancan, wato fanorama, shimfiɗaɗɗe ne, yana nuna tsawo a kan kintace amma ba ya nuna kauri. Wanda ake buƙata shi ne mai fuska uku, CBCT. Shi ke faɗin milimita nawa suka rage, ko yanar ta kumbura, ko akwai majina kwance a kogon, ko 'yar ƙofar da kogon ke zubarwa cikin hanci a buɗe take. Wannan ƙofar tana can sama a bango, kuma idan a toshe take ba a taɓa kogon sai likitan hanci da kunne ya gani. Ka karɓi kwafin hotonka, haƙƙinka ne.

Da zafi?

Allurar kashe wuri ake yi, banj, kana farke. Ba ka jin zafi, amma kana jin dannawa, idan kuma hanyar ƙwanƙwasa ce za ka ji ta har tsakiyar kai. Wannan ne ke firgita mutane, shi ya sa nake faɗa musu tun kafin a fara. Kaɗan daga cikin waɗanda aka ƙwanƙwasa wa suna tashi da jiri, ɗaki na juya musu idan sun juya kai a matashi, saboda wasu 'yan tsakuwoyi na cikin kunne sun goce daga wurinsu. Yana da magani, likita na juya maka kai ta wata siga su koma. Wanda dama yake fama da jiri ya faɗa tun farko, a zaɓi hanyar da ba guduma.

Bayan banj ya sake, rufaffiyar ba ta cika wuce zafin cire haƙori ba. Ta taga tana kawo kumburi, wanda ke kaiwa ƙarshe a kwana na 2 ko na 3, wani ma har ƙasan idonsa ya yi duhu.

Garin ƙashin da ake zubawa, na mene ne? Ya halatta?

Wannan tambayar ce na fi so a yi, kuma ita ce mutane ke jin nauyin yi.

Iri-iri ne. Akwai naka na kanka, wanda ake kankarowa daga wani gefen muƙamuƙi. Akwai na mutum, daga ma'ajiyar da ke tace ƙashin waɗanda suka bayar. Akwai na dabba, mafi shahara na saniya, irin Bio-Oss na kamfanin Geistlich da ke Suwizalan, wanda aka sarrafa har ba abin da ya rage sai ma'adinin ƙashi. Akwai na doki, akwai na alade. Sai kuma na haɗi, wanda ba daga jikin kowa ya fito ba. Wasu likitocin suna ɗibar jininka, su juya shi a na'ura, su ciro wani dunƙule mai kama da kitse su sa a wurin. A rufaffiyar ɗagawa ma, idan ƙarin kaɗan ne, wani lokaci ba a zuba komai, gudan jini ne ke cika gurbin ya rikiɗe ƙashi.

Inda mutane ke mantawa shi ne 'yar fatar da ake rufe tagar da ita, ko ake liƙe yana idan ta yage. Da yawa daga cikin waɗannan daga alade ake yin su, har da Bio-Gide da ta yi suna a duniya. Akwai kuma na saniya da na haɗi. Saboda haka tambayarka biyu ce: garin daga ina, fatar daga ina? A nuna maka kwalin, asalin yana rubuce a jiki. Hukunci kuwa na malamai ne, kuma tunda akwai madadi, mafi sauƙi shi ne ka faɗi abin da kake so kafin ranar aiki, domin a tanada. Kada sai kana kwance baki buɗe.

Idan yanar ta yage fa?

Ita ce matsalar da aka fi samu a wannan aiki, kuma ba lallai laifin likita ba ne, wata yanar kamar jiƙaƙƙiyar takarda take. Idan ƙaramar huda ce ana liƙewa a ci gaba. Idan babba ce, ko ta faru ta rufaffiyar hanya inda ba a gani, likita na iya buɗe taga ya gyara, ko ya rufe ya ce a dawo bayan wata 2 ko 3. Likitan da ya tsaya ya ce yau ba za a ƙarasa ba, ka gode masa.

Yaya zan yi da alwala da sujada?

A nan ne namu suka fi samun matsala, kuma takardar gargaɗin da ake bayarwa ba ta cika ambata ba.

Dokar farko bayan aiki: ba fyace hanci na akalla mako 2, wasu likitocin su ce fiye. Iskar da ka matsa tana shiga kogo ta tura yanar da ba ta gama zama ba. Kowa na cewa to. Amma hannu ya saba: sau 5 a rana ana shaƙa ruwa a fyace. Wata Hajiya ta kira ni kwana 3 bayan aikinta, bayan sallar Asuba, muryarta na rawa: "Ƙanwata, kuncina ya tashi kamar an hura, idan na taɓa yana ƙaras-ƙaras." Na ce ta fyace? Ta yi shiru, ta ce, "Alwala na yi." Iska ce ta bi ta raunin ta shiga ƙarƙashin fata. Ta zo aka duba, aka ba ta magani, ya sace cikin kwanaki, aikin kuma bai lalace ba, amma ba kowa ke yin wannan sa'ar ba.

A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne. A Hambaliyya da aka fi bi a nan, shaƙa ruwan wajibi ne. Ka tambayi malaminka yadda mai uzurin rauni zai yi, kuma ka yi tambayar kafin aiki. Ta fuskar likita, jiƙa bakin hanci a hankali a goge ba ya cutarwa, ja da ƙarfi da fyacewa ne matsala. Kurkurar baki ma a ranar farko ba a yi da ƙarfi, a bar ruwan ya zubo da kansa.

Sujada tana tara jini a ka, za ka ji wurin na bugawa, wani lokaci ɗan haɓo ya biyo. Likitoci da dama na cewa a kwanakin farko a yi salla a zaune da nuni. Atishawa idan ta zo kada ka danne ta, buɗe baki ta fita. Mata, a ɗaga wa turaren wuta ƙafa na 'yan kwanaki, kuma ranar da ƙura ta taso a zauna a gida.

Zan iya yi da azumi?

Ana iyawa, amma akwai jini da ruwan da ke taruwa a baki, ga magungunan da ake sha a kan awa. A Ramadan yawancin wuraren haƙori a nan suna buɗewa da dare, sai ka nemi lokaci bayan buɗa-baki, ka kuma gaya wa likita ya tsara maganin tsakanin Magariba da sahur. Mai ciwon suga ya bari sai bayan Salla.

Abinci fa? Goro, asuwaki, shisha?

Abu mai taushi, ba mai zafi ƙwarai ba: kunu da ya huce, fura da nono, yogot, ƙwai. Da kofi ko cokali, ban da tsinken zuƙa. A tauna ta ɗaya gefen. Goro da kilishi su jira. Asuwaki a sauran haƙora ba laifi, amma kada ya kusanci ɗinki.

Sigari da shisha kuwa ba sassauci. Hayaƙi na rage jinin da ke isa wurin, zuƙar kuma na jan rauni, kuma an daɗe da tabbatar da cewa dashe ya fi faɗuwa a bakin masu shan taba. Samarinmu na ce mini ai shisha ruwa ce. Ba ruwa ba ce.

Idan ka ji 'yan ƙwayoyi kamar yashi a baki a kwanakin farko, garin ne kaɗan ya zubo, ba abin tashin hankali ba ne sai in ya yi yawa.

Ina da suga da hawan jini. An hana ni?

Ba a hana ba, in suna kan saiti. Za a nemi gwajin tarin suga na wata 3, idan ya yi sama a ce ka gyara tukuna, domin rauni ba ya warkewa da kyau a haka. Mai shan maganin tsinka jini, asfirin ko warfarin, kada ya daina da kansa, likitan zuciyarsa ne zai faɗa. Wanda ya fi muhimmanci kuma aka fi mantawa: maganin ƙarfafa ƙashi da ake ba iyayenmu mata, na ƙwaya sau ɗaya a mako ko na allura duk wata 6, da wanda aka taɓa gasa wa muƙamuƙi saboda ciwon daji. Waɗannan na iya hana ƙashin baki warkewa. Ku zo da ledar magungunan gaba ɗaya, mu karanta da kanmu.

Na zo Umara, kwana 14 gare ni. Zan iya yi in koma Kano?

Wannan ba haƙorin Makka ba ne da ake sawa da hantsi a nuna wa 'yan tarba a filin jirgi. Ko da an ɗaga an dasa a zama ɗaya, sai an jira kamar wata 4 zuwa 6 ƙashi ya kama ƙarfen kafin a ɗora kan haƙori. Idan ta taga ce a mataki biyu, lissafin na iya kaiwa wata 9 ko shekara. Sannan jirgi: canjin matsin iska yana taɓa kogon, shi ya sa likitoci da yawa ke cewa a jira mako 1 zuwa 2. Ga cunkoson ɗawafi, ga murar da kusan kowane mai ziyara ke komawa da ita.

Idan duk da haka za ka yi, ka san wanda zai karɓe ka a gida tun kafin ka fara, kuma ka tafi da katin dashen: sunan kamfani, tsawo, kauri. Kowane kamfani da irin makullinsa, na sha ganin wanda ya zo da dashe a baki ba wanda ya san da me za a kwance shi.

Nawa ne, kuma ta'amin, wato inshora, na biya?

Inshorar aiki ta gama-gari galibi ba ta ɗaukar dashe, sai ka duba takardarka. Farashi ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. Abin da zan ce shi ne a rubuta maka dalla-dalla: hoto, ɗagawa, gari, fata, dashe, mahaɗin da ke haɗa dashe da kai, kan haƙori. Rangwamen da kake gani a allon titi sau da yawa kuɗin ƙarfen ne kawai. Ka tambaya kuma, idan dashen bai kama ba, wa zai biya na biyu?

Ta yaya zan san likitan ya iya?

Duk mai aikin lafiya a Saudiyya dole ya yi rajista da hukumar ƙwararrun lafiya ta ƙasa, kuma ana iya duba sunansa da matsayinsa a shafinta na intanet. Wannan aiki an fi samun sa a hannun likitan tiyatar baki da muƙamuƙi ko ƙwararren dasashi. Tambayar da nake koya wa mutane ita ce: "Idan yanar ta yage, kai za ka buɗe tagar ko sai an tura ni wani wuri?" Wanda ya iya rufaffiyar kaɗai bai gama iyawa ba. Ƙorafi kuma ana kai shi ma'aikatar lafiya ta lamba 937.

Babu wata hanya sai wannan?

Akwai. Gajeren dashe mai milimita 6 yana wadatarwa a wasu bakunan. Ana karkata dashe ya kauce wa kogon. Akwai gada, wato haƙorin da ake ɗora wa haƙoran gefe su riƙe shi, idan dama suna buƙatar rufi, akwai kuma haƙori na cirewa. Idan turmin ƙarshe ne kaɗai ya tafi kuma kana tauna lafiya, wani likitan zai ce ka bar shi haka.

Zai canja mini murya, ko ya hana ni shiga na'urar hoto?

A'a. Kaɗan ne ake ɗauka daga kogon, numfashi da murya na nan yadda suke. Titaniyom ba ya bin maganaɗisu, ana shiga MRI da shi, sai dai ka sanar da mai hoton.

Wace alama ce zan gani in dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ni ba?

Ɗan jini daga hanci a kwana 1 ko 2 na farko ba komai ba ne. Amma ka dawo a ranar idan zazzaɓi ya kama ka, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana na 3 maimakon ya sace, ko majina mai wari ko mugunya na fita ta hanci ɗaya, ko ka kurɓi ruwa ya fito ta hanci, ko jini ya ƙi tsayawa bayan ka danne da auduga rabin awa, ko ka ji dashen na motsi. Idan kumburin ya kai ga ido har yana rufewa, ko gani ya canja, wannan na sashen gaggawa ne ko da tsakar dare, ko da ranar Juma'a ce wurinmu a rufe.